Bishiyar sakura ba ta ado kaɗai ba ce

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi gyara a kan rubutun da kuka buga game da furannin sakura na ƙasar Japan, inda marubucin ya ce bishiyar ba ta da wani amfani sai kallo. Na yi shekara biyu ina karatu a can, kuma abin da idona ya gani ya saɓa wa wannan magana.

Sakura 'yar dangin wardi ce kamar tuffa, kuma gaskiya ne irin da ake jerawa a bakin titi ba ya ba da 'ya'yan da za a ci. Amma mutanen ƙasar ba sa barin furen ya tafi a banza. Suna tsinke shi tun bai gama buɗewa ba, su adana shi cikin gishiri da ruwan tsami, sai ranar aure a jefa ɗaya ko biyu a kofi a zuba ruwan zafi a ba baƙi. Na taɓa riƙe irin wannan kofi a gidan malamina, ina kallon furen da ya yanƙwane yana warwarewa a hankali har ya cika bakin kofin, kuma har yau ban manta ɗanɗanon gishirinsa ba. Ganyen nau'in Oshima kuwa, shi ma gishiri ake ba shi a naɗe wata wainar shinkafa mai zaƙi da ake kira sakuramochi. A garin Kakunodate na yankin Akita, masu sana'a sun haura shekara 200 suna goge ɓawon sakurar daji suna lulluɓe gwangwanin ajiye ganyen shayi da shi.

Har zumunci bishiyar ta ƙulla, domin a 1912 birnin Tokyo ya aika wa birnin Washington na Amurka bishiyoyin sakura fiye da 3,000, bayan an ƙone kason farko na 1910 saboda ƙwari.

Abin da ya fi damuna shi ne shawarar da marubucin ya bayar cewa a shuka ta a titunanmu. Nau'in Somei Yoshino da ya fi yawa, ta hanyar aure ake yaɗa shi kamar yadda muke yi wa mangwaro, kuma ba ya fure da kyau sai ya sha sanyi mai tsanani na tsawon makonni, irin wanda hunturun Kano ko Zariya ba ya kaiwa. Wanda ya zuba kuɗinsa a nan, da wuya ya ga furen da ya gani a hoto.

Naku mai karatu,
daga Zariya