Kada a bari sai shekarar BEPC kafin a tambayi yaro abin da yake son zama

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku kan takardar nan da ɗalibin ajin ƙarshe na kwaleji ke cikewa, inda yake rubuta makarantar da yake so a tura shi in ya ci BEPC, jarrabawar gama kwaleji. Sau tari a tsaitsaye ake cike ta: yaro ya leƙa ta abokin zamansa ya kwafa, sannan kwamiti ya duba makinsa da shekarunsa ya yanke hukunci. Alhali daga nan hanya ke rabuwa. Wanda ya shiga sashen A na adabi, da wuya ya dawo ya karanci likitanci ko aikin injiniya a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, don can masu Bak (jarrabawar shiga jami'a) ta sassan kimiyya C da D ake nema. Ita kuwa makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da cibiyoyin koyon sana'a na CFM, har yau wasu iyaye na ɗaukar su mafakar wanda boko ya ƙi, kuma wannan kuskure ne babba.

Shawararmu a fara aikin gano abin da yaro ke son zama tun ajin farko na kwaleji, kuma ba ya cin kuɗi kamar yadda ake zato. Kowane yaro ya ware kaye ɗaya mai shafi 32 da zai bi shi har shekara huɗu. Sau ɗaya a wata, malamin da ke kula da ajin ya ɗauki awa guda ya sa su rubuta aikin da suka yi har lokaci ya wuce ba su sani ba, da wanda ya gundure su, da abin da ake yawan kiransu su yi a gida. Kada a ba wannan kaye maki. Ranar da aka fara ba shi maki, kowa zai rubuta "likita" don ya faranta wa malami rai.

Sai ziyara, a nan ne akasari ake ɓata lamarin. A kwashi aji guda na yara 70 ko 80 a jibge su a garejin bakanike, na gaba biyar su ga injin, sauran su yi ta hira a inuwa. Rukuni kada ya wuce yara 10, na awa biyu, ranar Asabar da safe, kuma a tafi da tambayoyi a rubuce: shekara nawa ake yi a hannun maigida kafin a yaye mutum, nawa ne kuɗin kayan aikin farawa, wane wata ne ciniki ke mutuwa, wane sashe na jiki aikin ke ci, wane darasi na lakwal ake amfani da shi. Wannan ta ƙarshen ita ce mai daɗi. Magini ya auna santimita 60 a igiya ɗaya, 80 a ɗayar, in tsakaninsu ya ba da 100 to kusurwar gini ta miƙe. Lissafin da yaro ke hadda a allo ke nan bai san amfaninsa ba. Mai haɗa sola zai nuna musu batir mai bolt 12 da amfiya 100, ya ce wat 1,200 ke ciki na awa guda, amma rabi kawai ake sha in ana son batirin ya yi ƙarko. Wuraren zuwa ba su yi kaɗan ba: cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna, gonakin rani na Jiratawa, masu kiwon jar akuya, majema, ɗakin awon jini na asibiti, ƴan kasuwar da ke fitar da wake ta Ɗan Isa.

Wa ke tafiya? In aka bar wa malami zaɓi, na ɗaya zuwa na goma zai ɗauka, su ne kuma suka fi kowa samun mai ba su shawara a gida. A bi jerin sunayen aji, kowa ya samu ziyara biyu a shekara. A daina tura mata wajen ɗinki da saƙa, maza wajen walda da lantarki. Kowane rukuni ya ga duka, macen da ke aikin awon ƙasa ko gyaran waya ta tsaya gabansu ta yi bayani da Hausa. Iyaye mata na ƙungiyar AME su raka ɗiyan, don uba ba ya barin ɗiyarsa shiga gareji ba da babba ba, kuma yana da gaskiya. Yaran ƙauye da ke zaune gidan mai masauki, Asabar ranar wanki da aike ce gare su, sai direkta ya aika takarda tun da mako guda. Kuɗin adaidaita ya fito daga asusun COGES, kwamitin gudanar da makaranta, don in aka ce kowa ya kawo dala hamsin, an riga an san waɗanda za su zauna gida.

Akwai maganar gado, wadda ba a son taɓawa. Ɗan maƙeri ko ɗan mahauci yakan ɓoye sana'ar gidansu a aji don gudun gori, wani kuma a ce masa ba shi da wata hanya sai ita. Duka biyun cuta ce. A gayyaci uban ya yi bayanin aikinsa kamar yadda ake gayyatar likita, a bar ɗan ya zaɓa.

In shekarar BEPC ta zo, tun zangon karatu na biyu malami ya zauna da yaro da mahaifinsa ko mahaifiyarsa na minti 15, kaye a buɗe, makin lissafi da kimiyya da Faransanci a gefe. Inda buri da maki suka saɓa a faɗa a fili, tun da sauran watanni na gyara, sannan a rubuta zaɓi na biyu da yaron zai iya zama da shi.

Wasu malaman kwaleji,
Maraɗi