Ba Kowane Zazzaɓi Mai Ƙuraje Ba Ne Ƙyanda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka, da fatan kuna lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara, kuma na saurari shirinku na lafiyar iyali da aka yi kan ƙurajen yara. Jan kunnen da baƙonku ya yi game da riga-kafin ƙyanda ya yi daidai. Sai dai akwai wata cuta da ba a taɓo ba, wadda take zuwa da alamomi a fata, a ɗauka ƙyanda ce, alhali zuciyar yaro take ci.

Likitoci suna kiranta MIS-C, wato kumburin sassan jiki da yawa da ke samun yara bayan korona. A watan Afrilun 2020 likitocin yara a Landan suka fara ganin yara da zazzaɓi mai zafi, da ciwon ciki, da jajayen idanu, wasu har jininsu ya sauka sosai sai an kai su ɗakin kulawa ta musamman. Likitocin garin Bergamo na Italiya su ma suka ba da rahoton irin haka. Kafin watan Mayu ya ƙare, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya duk sun fitar da bayanin yadda za a gane ta. Abin da aka fahimta shi ne, yaro kan kamu da korona, wani lokaci ko tari bai yi ba, ya warke. Bayan mako 2 zuwa 6 sai garkuwar jikinsa ta tashi da faɗa bayan ƙwayar cutar ta riga ta wuce, ta kumbura jijiyoyin jini da zuciya da hanji da fata. A Amurka kaɗai an ƙirga sama da yara 9,000. An kuma gan ta a Afirka ta Kudu tun a shekarar farko, don haka ba cutar Turai ba ce.

Inda nake so ku tsaya shi ne fatar. Idan aka ce wa uwa ta duba jan ƙurji a jikin ɗanta, an ba ta aikin da ba zai yiwu ba. Yawancin hotunan da ke littattafan da muka yi karatu da su na fararen yara ne. A fatar yaranmu jan ba ya fitowa fili. Wurin kan yi duhu fiye da sauran jiki, ko ya ɗan tasa, ya yi zafi a hannu, kuma a ɗakin da babu haske sosai ba za a gan shi ba sam. Ƙurjin ma ba shi da siffa ɗaya: wani faci-faci ne, wani ƙanana ne, yana iya fitowa a ciki ko baya ko matsematsi, ya ɓace ya dawo.

Saboda haka a koya wa iyaye su duba inda launin fata ba ya ɓoye komai. Farin ido ya yi ja, duka biyun, amma babu kwantsa. Leɓe ya yi ja ya tsattsage kamar na tsakiyar hunturu, ko da kuwa ana damina. Harshe ya yi jawur da 'yan tsiro-tsiro a kansa. Tafin hannu da tafin ƙafa su yi ja, bayan hannu da ƙafa su kumbura har yaro ya ƙi takawa ko ya ƙi riƙe kofi. Wasu daga baya fatar yatsunsu takan saɓe. In aka haɗa waɗannan da zazzaɓin da ya kai kwana 3 bai sauka ba, ga amai ko gudawa ko murɗar ciki, to ba maganar kemis ba ce. Ciwon cikin kan yi tsanani har a zaci afendis ne.

Ita ƙyanda da tari da majina take zuwa, ido yana ruwa, ƙurajen su faro daga bayan kunne da fuska su gangaro ƙasa. Mun san abin da ke faruwa da zarar kaka ta leƙa ta ce baƙon dauro ne: a rufe yaro a ɗaki, a hana shi wanka, a ce allura ba ta shiri da shi, a jira ƙuraje su gama fitowa. Wannan jiran ko ga mai ƙyandar gaske haɗari ne, balle ga yaron da zuciyarsa ke kumbura. Mu ma ma'aikata ba mu tsira ba. A nan kowane zazzaɓi maleriya ne ko taifod, a ba da magani a ce a dawo in bai sauka ba, ba a tambayi ko an yi mura a gidan wata guda da ya wuce ba.

Ba ina son a tsorata mutane ba ne. Cutar ba ta da yawa, kuma ta ragu ƙwarai tun daga 2022. Amma 'yar'uwarta tana nan, wato cutar Kawasaki, wadda likitan Japan Tomisaku Kawasaki ya bayyana a 1967. Alamominta a ido da baki da hannu kusan iri ɗaya ne, sai dai ta fi kama 'yan ƙasa da shekara 5, ita kuwa MIS-C ta fi yawa a 'yan firamare. Yaro ɗaya cikin huɗu da bai samu maganin Kawasaki ba, jijiyoyin da ke ciyar da zuciyarsa kan buɗe su lalace. Duka biyun suna da magani, na kwantar da garkuwar jiki, wani ta ƙarin ruwa ake ba da shi, ana kuma ɗaukar hoton zuciya. Wannan sai babban asibiti, kuma kwanakin farko ne suka fi muhimmanci.

Roƙona, Malam Edita, ku gayyato likitan yara a wani shirin, ku tambaye shi kai tsaye yadda waɗannan alamomi suke a baƙar fata. In da hali, ku sa hotunan idanu da leɓe da tafin hannun yara irin namu a shafinku na Facebook, da izinin iyayensu.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
Wata ma'aikaciyar jinya daga Katsina