Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobi: Inda Muka Kwana Kan Binciken Fasahar Duniyar Kwaikwayo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu da sauran 'yan uwa mambobi na Birnin Kebbi da Aliero da Jega da Argungu, ga bayanin abin da muka yi a bana da abin da ya gagara, kamar yadda tsarin mulkin ƙungiya ya ɗora wa ofishin sakatare. An yi tarukan wata-wata yadda aka saba, ban da na watan azumi da aka ɗage, kuma bayanansu suna cikin littafin taro ga mai son dubawa.

Babban abin alfaharinmu a bana shi ne baje kolin da muka shirya wa malaman kimiyya da ɗalibansu bayan ƙaramar Sallah, a ɗakin taron wata makarantar sakandare a nan Birnin Kebbi. Tabarau na gaske, wato na'urar da ake sawa a ido mutum ya ga kamar yana cikin duniyar kwaikwayo, guda ɗaya muke da shi a ranar, ƙirar Quest 2, shi ma aronsa wani ɗan uwa ya ba mu, Allah ya saka masa da alheri. Sauran duk na kwali ne da ake saka waya a ciki, bisa tsarin da Google ya fitar a 2014, ya kuma sakar wa kowa kyauta a 2019. Matasanmu maza da mata ne suka tattaro kwalayen taliya da na sabulu daga kasuwa, suka zauna da reza da gam da robar ɗaure kuɗi, suna yanka suna aunawa, domin in tazarar da ke tsakanin gilashi da fuskar waya ta kauce ko da kaɗan, hoton dishi-dishi zai fito. Gilasan kawai muka saya. Wanda bai ga yatsun yaran nan a daren jajibirin taron ba, ba zai san abin da aka sha ba.

Ɗaya daga cikin malamanmu na Aliero ne ya buɗe taron da taƙaitaccen tarihi, kuma ya yi kyau ƙwarai. Ya nuna wa malaman cewa wannan fasaha ta girmi mafi yawan waɗanda suke zaune a ɗakin, tunda Ivan Sutherland ya ƙera na'urar sawa a ka tun 1968 a Jami'ar Harvard, an haɗa ta da wani hannun ƙarfe da ke rataye a silin yana bin motsin kan mai kallo. Ya kawo aikin Tom Caudell na kamfanin jiragen sama na Boeing, wanda a farkon shekarun 1990 ya nemi hanyar da ma'aikaci zai riƙa ganin zanen wayoyin jirgi a kan allon da yake aiki, ba sai ya waiwaya ga takarda ba, kuma daga nan ne fasahar ɗora hoto kan zahiri ta sami sunanta. Ya rufe da cinikin 2014, lokacin da Facebook ya sayi Oculus, kamfanin da ke ƙera irin wannan tabarau, a kan kusan dala biliyan 2. Abin da ya sauya tsakanin zamanin Sutherland da namu, a cewarsa, shi ne waya: allo da kyamara da ma'aunin motsi duk sun taru a abu ɗaya da ke aljihun ɗan kasuwa da ɗalibi.

Daga nan aka shiga gwaji, kuma a nan ne ɗakin ya ɗauki harama. Wata malamar bayoloji da ta daɗe tana zana zuciyar ɗan Adam da alli ta ɗora waya a kan takardar da muka buga, sai ga zuciya tsaye a kan tebur tana bugawa. Ta zagaya teburin a hankali, ta sunkuya ta leƙa ta ƙasa, sannan ta kira ɗalibanta ɗaya bayan ɗaya tana nuna musu inda jini yake shiga da inda yake fita, ta manta da mu gaba ɗaya. Dattijon da ke gadin makarantar ma ya nemi a sa masa tabaran, muka buɗe masa hoton zagaye na bakin kogin Matan Fada da 'yan uwanmu na Argungu suka ɗauko, sai ga shi ya miƙa hannu yana laluben bango don kada ya zame cikin ruwa. Har aka yi sallar La'asar layin ɗalibai bai yanke ba, kuma shugabannin makarantu sun roƙi mu kai musu irin wannan.

Mun kuma koyi abubuwan da karatu kaɗai ba zai koya mana ba. Wayoyi da yawa masu sauƙin kuɗi ba su da ma'aunin juyi a cikinsu, saboda haka ko mutum ya juya kai hoton yana nan a kafe, wasu kuma ba sa cikin jerin wayoyin da ARCore, manhajar Google ta ɗora hoto kan zahiri, take aiki a kansu. Zafin garinmu ya sa wayoyin da ke cikin kwali suna ɗumama har su rage gudu, dole muka riƙa hutar da su. Sai kuma jiri da tashin zuciya da suka kama wasu ɗalibai. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne ido yana shaida wa ƙwaƙwalwa ana tafiya, alhali ma'aunin daidaito na cikin kunne yana shaida mata a zaune ake, kuma abin yana tsananta in hoton yana makara wajen bin juyin kai. Shi ya sa masu ƙera tabarau suke neman jinkirin ya gaza kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa, allon kuma ya riƙa sabunta hoto kamar sau 90 a daƙiƙa, yayin da galibin wayoyinmu sau 60 suke yi. Mun mayar da doka kowa ya kalla a zaune, na 'yan mintuna kawai, kuma hakan ya rage matsalar sosai.

Na fi jin daɗin cewa ba mu yi wa malaman romon baka ba. Mun faɗa musu binciken Neal Seymour da abokan aikinsa na Jami'ar Yale a 2002, inda likitoci masu neman ƙwarewa da aka horar da na'urar kwaikwayo suka yi aikin cire matsarmama da saurin da ya ɗara na sauran da kashi 29 cikin 100, da kurakurai kaɗan ƙwarai. Mun kuma faɗa musu binciken Guido Makransky na Jami'ar Copenhagen da aka buga a 2019, wanda ya gano cewa ɗaliban da suka sa tabarau sun fi jin kamar suna cikin ɗakin gwaji, amma waɗanda suka yi darasin a allon kwamfuta sun fi su koyo. Ra'ayina shi ne wannan fasaha ta fi amfani a inda gwaji na zahiri yake da haɗari ko tsada, kamar horar da ma'aikatan jinya da masu aikin lantarki, ba za ta maye gurbin malami da allonsa ba, kuma nan ya kamata bincikenmu ya dosa.

Yanzu sai aikin Argungu, wanda na san ana ta ƙorafi a kansa. Alkawarin da muka yi bara shi ne mu taskace kayan kamun kifi na gargajiya da siffar Gidan Tarihin Kanta ta hanyar haɗa siffa daga hotuna, domin ginin da ya kasance fadar sarki har zuwa 1942, da bikin kamun kifi da aka fara a 1934 wanda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2016, sun cancanci ɗan Kabi da ke nesa ya shiga ya gani. Ba a gama ba, kuma ina so a fahimci dalili kafin a ɗora wa kwamitin laifi. Aikin yana buƙatar ɗaruruwan hotuna masu hawa kan juna, sannan kwamfuta mai katin hoto na NVIDIA da manhajar Meshroom za ta yi lissafi da shi. Manhajar kyauta ce, kwamfutar ce ba mu da ita. Kuɗin da muka daɗe muna tarawa an ƙiyasta shi ne tun dala tana wajen naira 460, kafin a saki farashinta a watan Yunin 2023, kuma a 2024 ta haura naira 1,500. Da kwamfutar aro kwamitin ya fitar da siffar gora, bayan an yi mata ɗige-ɗige da alli domin santsinta yana rikita manhajar. Homa kuwa ta ƙi fitowa, saboda zaren raga ya yi siriri da yawa. Ginin kansa ko takardar neman izini ba mu kai ba, domin bai dace mu je gaban masarauta da alkawarin da ba mu da kayan cika shi ba. Masu cewa a bari sai biki ya matso su tuna ba a fafe gora ranar tafiya.

Binciken jiri shi ma ya tsaya, kuma wannan ba kuɗi ne ya tsayar da shi ba. Mun mayar da takardar tambayoyin Robert Kennedy ta 1993 mai alamomi 16 zuwa Hausa, ɗalibai sun cike ta a ranar baje kolin, aka raba wa mambobi su shigar da amsoshin a kwamfuta. Har yau akwai waɗanda ba su dawo da nasu kason ba, kuma ba za a rubuta sakamako da rabin takardu ba. Shawarar shirya wa maniyyata atisayen ɗawafi da sa'ayi an jingine ta har sai mun zauna da malamai.

Maganar kuɗin wata ba ta da daɗin faɗa, amma dole ce. Mafi yawan sunayen da ke rajista ba su cika biyan na bana ba, wasu ma tun bara rabon da a ga ko kwabonsu. Ni da ma'aji mun kira, mun tura saƙo, mun bi wasu har wurin aiki, amsar kullum ita ce sai ƙarshen wata. Babu wanda bai san halin da ake ciki ba tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuma duk wanda ya zo ya yi bayanin uzurinsa mun ɗaga masa ƙafa ba tare da kowa ya ji ba. Abin da yake ci mini rai shi ne ɗalibai, waɗanda kuɗin abincinsu suke gutsurowa, su ne suka fi kowa biya a kan lokaci, yayin da wasu masu albashi sai dai a ga saƙonsu a zauren WhatsApp game da tabaran Apple Vision Pro na dala 3,499, ranar yankan kwali kuwa ba a ga ƙeyarsu ba. Mutanen da suka ɗauki kujeru su ne suka sayi man janareta daga aljihunsu, su ne kuma suka share ɗaki bayan taro. Gayyatar da makarantu suka yi mana tana nan ba mu amsa ba, domin kuɗin motar zuwa Yauri ko Zuru ma babu a asusu.

Kwamitin zartarwa zai gabatar da shawarwari a babban taro domin a kaɗa ƙuri'a: a ware kuɗin kwamfuta a asusu na daban da ba za a taɓa shi don wata hidima ba, a buɗe wa masu bashi damar biya kaɗan-kaɗan, sannan wanda ya shekara bai biya ba, bai halarta ba, bai kuma kawo uzuri ba, a dakatar da sunansa daga rajista. Masu riƙe da takardun binciken jiri su kawo su ofishin sakatare kafin ranar taron, ko an shigar ko ba a shigar ba. Ma'aji zai zo da littafin rasit, kuma za a karanta cikakken lissafin shiga da fita a gaban kowa.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya