Yamai ma ta cancanci jardan na gaske

Assalamu alaikum malam edita, ina gaisuwa da fatan an tashi lahiya.

Ni ɗan kasuwa ne mai zuwa Gana sarin kaya, in na samu wuni guda ba aiki abokan tahiya su nufi bakin teku ni kuwa jardan nake nema, wato lambun itatuwa da tsirrai, har suna min tsiya wai na biya kuɗin mota don kallon ciyawa. To su yi ta yi.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Aburi, can kan duwatsu arewa da Akara, tun 1890 aka buɗe shi zamanin Turawan Ingila. Jama'a na ta ɗaukar hoto gindin dogayen itatuwa, ni kuma ina tsugune wajen fujer, tsiron nan da ke son inuwa da laima, wani ma a jikin icce yake fitowa bai taɓa ƙasa ba. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. In ka juya bayan ganyen za ka ga ɗige-ɗige ruwan ƙasa jere reras, sai ka ce cuta ce ta kama shi, alhali a nan wani gari mai laushi yake da iska ke kwashewa, in ya faɗi wuri mai danshi ya tsiro, shi ya sa ƙasarmu ta yi masa wuya. Sabon ganyen kuma a nannaɗe yake fitowa kamar gammo yana warwarewa sannu sannu.

Kuma fa tsohon abu ne, ya haura shekara miliyan 300, ya girmi dodannin nan na zamanin da, wato dinozor, da ƙasusuwansu ke gidan tarihi na Musée Boubou Hama, gawayin ƙasa na Anu Araren can jihar Agadas ma daga dazukan fujer da danginsa ya samu.

Abin da ya sa na rubuto, mu nan Yamai ga kogi a gabanmu, ga shingen dogon yaro da aka fara dasawa tun 1965 gidaje da shara na cinye shi muna kallo. Don Allah hukumomi a ware ko eka kaɗan ne bakin kogin Isa, a yi rumfar inuwa da ban ruwa, a sa allo jikin kowane tsiro da sunansa da Hausa da Zabarmanci, 'yan lakwal su zo su gani da idonsu. Kuɗin shiga kada ya wuce dala ashirin.

Naku mai karatu,
daga Yamai