Tef Ɗina Na Wuyana, Amma Ban Auna Falona Ba

Edita, assalamu alaikum.

Ni tela ce. Shekara 22 ke nan tef na rataye a wuyana, kuma ban taɓa sa almakashi a yadin mutum ba sai na auna shi, ko da makon jiya na yi masa ɗinki. Amma ran da na tashi sayen kujerun falona, a kan keke na bar tef ɗin na fita. Abin da ya biyo baya ne ya sa na rubuto, domin na lura duk hoton falon da ake bugawa a shafukan gyaran gida irin wanda yara za su buga ƙwallo a ciki ne, mu masu ɗan ƙaramin wuri sai dai mu kalla mu haɗiye yawu.

Falona ƙafa 10 ne faɗinsa, tsawonsa ƙafa 15. Ƙofa uku gare shi: ta shigowa, ta kicin, da ta ɗakin kwana. Taga ɗaya ce. Sannan ga wani ginshiƙi da ya turo kai daga bango, ya bar lungu a bayansa kamar aljihun riga. A cikin wannan wuri na zuba saiti guda cur: mai zaman mutum uku, mai zaman biyu, masu zaman ɗaya guda biyu, da teburin tsakiya. A wurin mai sayarwa, inda rufi ke can sama kuma ba bango a kusa, sai na gan su ƙanana. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Nawa dai ranar bai sani ba.

Tun daga bakin ƙofa aka fara. Faɗin ƙofata inci 32, zurfin babbar kujerar inci 36, tsawonta 84. Sai da aka kwance ƙafafunta, aka cire ƙyauren, aka miƙar da ita tsaye, maza uku na nishi. Har yau ƙarcen ranar na nan a hannunta na hagu.

Ga lissafin da ya kamata in yi tun a gida. Ƙafa 10 inci 120 ne. Kujeru biyu suna kallon juna sun cinye 72, saura 48. Teburi ya ɗauki 24. Abin da ya rage inci 12 ne ta kowane gefe, kwatankwacin tsawon rula ta 'yan makaranta. Ta nan muka yi shekara uku muna ratsawa a karkace, ƙwaurina bai taɓa rabuwa da tabo ba. Ƙofar kicin rabi take buɗuwa ta daki hannun kujera. Duk bayan 'yan watanni in tara yara mu yi ta turawa da ja, mu gaji, mu mayar da komai inda yake, ina ta tsine wa wanda ya zana ginin.

Wata rana ina yanka takardar fasalin riga sai abin ya faɗo mini. Rigar da aka ɗinka daidai da awon jiki cif ba ta sawuwa, dole a bar wa mai ita wurin ɗaga hannu da numfashi. To ni falona na ɗinka masa riga ba rara ko inci ɗaya.

Ku yi mini afuwa, Edita, tsofaffin jaridunku ne suka yi aikin. Muka fitar da komai waje, falo ya zama fayau. Ban fara da kujeru ba, da hanya na fara. Na ɗauki allin ɗinki na ja layi daga kowace ƙofa zuwa 'yar'uwarta, na ba hanyar faɗin inci 30 zuwa 36, wanda shi ne abin da mutum ke buƙata ya wuce da tire a hannu ba tare da ya juya kafaɗa ba. Na ɗaura alli a zare na zana inda kowane ƙyaure ke sharewa idan an buɗe shi, don wannan wurin nasa ne, ba a aje masa komai. Sannan na manna jaridu na yanka su daidai girman kowace kujera, na riƙa shimfiɗa su ina ja da ƙafa. Abin da ya gagari ƙarti uku, yanzu yarinya 'yar shekara shida ke matsar mini da shi. Cikin rabin awa gaskiya ta fito: falon na mutum biyar ne, ni kuma na cusa masa mazaunin bakwai.

Mai zaman biyu ce ta fita, na ba ƙanwata. Maigida ya ce, "Baƙi fa?" Na ce ya lissafa mini kwana nawa a shekara mutum bakwai ke zama a falon nan lokaci guda. Bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Muka sayi kujerun naɗewa biyu muka jingine a bayan ƙofa.

Babbar ta koma jikin dogon bangon da ba ƙofa. Na sha jin ana cewa a janyo kujera tsakiyar ɗaki, kada a manna ta da bango. Shawara ce ta masu fili. Ni inci 3 kawai na bari, don kada bayanta ya riƙa goge fenti. Inda na yarda da su shi ne kada a jera komai a layi ɗaya, falo mai tsawo ya koma kamar bencin jiran likita. Don haka na gitta ɗaya daga cikin ƙananan a ƙarshen babbar, mai zama a kanta yana kallon fuskar na kusa da shi. Ɗayar kuwa na tura ta lungun nan da na daɗe ina zagi, na sa mata fitila da ɗan kanta a bango. Yau ita ake rububi a gidan, nan nake zama in yi dajiya da daddare.

Teburin mai kusurwa huɗu ya tafi, na kawo zagayayye mai faɗin inci 24, na bar inci 16 tsakaninsa da kujera: hannu na kaiwa, gwiwa ba ta bugawa. Talabijin ta bar kan durowarta mai cin inci 18 ta hau bango. Tamu inci 43 ce, daga mazauni zuwa gare ta wajen ƙafa bakwai da rabi, kuma na sa aka kafa tsakiyarta daidai idon wanda ke zaune, wajen inci 42 daga ƙasa. Mutane na son liƙa ta can kusa da silin, su yi ta ciwon wuya suna zargin matashi. Saura ƙanana ne: kafinta ya sauya wa kujerun ƙafafu masu inci 6, ƙasa na ganuwa, tsintsiya na shiga. Labule na ɗaga shi kusa da silin, madubi kuma yana fuskantar taga yana maido haske.

Ba wai komai ya daidaitu ba ne. Hanyar kicin ta gaban talabijin ta bi, duk mai wucewa sai an ce masa ya yi sauri. Sannan a zanena na manta da soket, babbar kujera ta rufe wanda muka fi amfani da shi, yanzu sai an durƙusa an zura hannu kafin a sa cajin waya.

Roƙona gare ku biyu ne. Idan za ku buga hoton falo, ku rubuta tsawonsa da faɗinsa a ƙasa, mu san ko da mu ake. Kuma ku taya mu gaya wa masu sayar da kujeru su riƙa liƙa awon kowace a jikinta, su kuma yarda su raba saiti ga wanda uku da ɗaya kawai yake so.

Wassalam.

Taku mai karatu,
wata tela