A koya wa ɗalibai masu kasuwanci a waya yadda ake riƙe jari

Edita,

Assalamu alaikum. Shekara 20 da ɗoriya ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari. Lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wanda ya ci wata 8, ɗiyar yayata da ke Jami'ar Bayero ta gaji da zaman gida, ta ce, "Kawu, ba ni turmi biyar in gwada." Ta shimfiɗa su a kan tabarma, ta ɗauki hoto da hasken hantsi, ta ɗora a WhatsApp. Kafin la'asar uku sun tafi, ɗaya har Gombe.

Yanzu ƙawayenta kowace da abin sayarwarta: turaren wuta, hijabi, dambun nama. Wallahi abin yana faranta min rai, don a da ɗan jami'a ba ya hangen komai sai aikin gwamnati.

Amma ina da kuka. Instagram da TikTok riba kawai suke nuna wa yaran nan. Sau biyu yarinyar tana cinye uwar kuɗi, saboda ba ta lissafa kuɗin data da na tasha. Wani kuma ya turo mata alat na bogi, ta ba ɗan aike kaya tun ba ta duba asusunta ba. Ranar har shago ta zo tana hawaye.

Tunda jami'o'i suna koyar da darasin sana'a, ina roƙon su riƙa gayyato 'yan kasuwa cikin aji. Ni dai a shirye nake in zo da littafin bashina, in buɗe musu shafi-shafi.

Naku,
Wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano