Ku yi mana shiri kan rumfar gada

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na daɗe ina sauraron shirinku na noma, kuma kusan kowace damina sai kun yi magana a kan ƙuduji da yadda yake cinye gero da dawa. Allah ya saka da alheri. Amma akwai wata ciyawa da ban taɓa ji kun ambata ba, wato rumfar gada, wadda masana tsirrai ke kira Cassytha filiformis tun daga 1753.

Duk wanda ya yi kiwo ko farauta ya san ta. Siririya ce kamar zare, wani wuri kore wani wuri ruwan ɗorawa, ba ta da ganyen kirki. Takan lulluɓe kalgo da sauran gajerun itatuwan daji har ta yi musu rufi, ƙarƙashin ya zama inuwar da ƙaramar dabba ke fakewa. Iri ne yake tsira a ƙasa kamar kowane tsiro, amma da zarar zaren ya samu reshen da zai naɗe, sai ya kafa 'yan bakuna cikin ɓawo ya fara tsotsar ruwa da abinci, saiwarsa kuma ta bushe. Daga nan ba ruwanta da ƙasa.

Rashin sanin wannan ne ya cuce ni. Shekara uku da suka wuce ta hau mangwarona guda biyu da ke bakin shinge. Na sa yara suka yi ta haƙa gindin suna neman saiwa, ba su samu komai ba. Muka fizge zaren da hannu muka watsar a kan shinge, wai mun gama. Kafin damina ta fita sai ga ciyawar ta dawo, domin guntun da ya rage manne da reshe ya isa ya sake tofo. Rassan da ta rufe ba su yi fure ba, ɗaya ma ya bushe. Sai da wani dattijo maƙwabcina ya ce in sare reshen da ta kama gaba ɗaya, in ƙone shi, kuma in yi haka tun kafin 'ya'yanta su nuna. Fararen 'ya'yan nan ƙanana tsuntsaye ke ci su kai irin zuwa wani lambu.

Sai dai ina roƙo, idan za ku yi shirin, kada a ce wa mutane su cinna wa daji wuta saboda ita. Daji gidanta ne, kuma ba a ƙasarmu kaɗai ba. Har a jihar Florida ta Amurka tana hawa gajerun itatuwan da ke fitowa a rairayi. Abin mamaki ma, rumfar gada da piya danginsu ɗaya. Masu maganin gargajiya a daji suke samo ta, tsuntsaye kuma suna ci daga jikinta. A lambu ne take ɓarna, musamman ga mangwaro da lemo da kashu, kuma a nan ya kamata a yaƙe ta.

Ku gayyato malamin gona ya bambanta mana ita da kauci, don da yawa suna haɗa su, ya kuma faɗa mana watan da ya fi dacewa a yi saran. Masu dashen kashu suna ƙaruwa a yankinmu, yawancinsu matasa ne da ba su taɓa ganin ta kashe itace ba.

Na gode.

Mai sauraronku,
wani mai lambu daga kudancin ƙasar Zazzau